Sarƙa ɗaya, makulli uku: rigimar wani layi a Nima da motoci

Layin da zan yi magana a kansa yana gabashin Nima, wata unguwa a Akra babban birnin Ghana, tsakanin babban titin Nima da titin Kanda. Ba shi da wani tsawo. In ka taso daga bakin famfo da ke ƙasa ka nufi masallacin da ke sama, kafin ka gama gaisawa da mutum biyar ka iso. Na ɓoye sunansa da sunayen mutanensa, domin har yau sahu ɗaya muke bi, kuma akwai waɗanda ba su gama hucewa ba. Ni aka ɗora wa riƙon littafin taro, don a zango duk wanda ake kira Ticha an ɗauka da biro aka haife shi. Daga littafin nan na ɗebo abin da ke tafe, sauran kuma idona ne ya gani.

Baƙo zai yi mamakin yadda manya masu furfura za su kwashe watanni suna kai ruwa rana a kan ɗan layi. Sai ya san yadda aka zauna Nima tukuna. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu wurin daga hannun mutanen Osu, 'yan asalin Akra, aka riƙa yanka wa baƙi fili: Bahaushe, Bafulatani, Bazabarme, Kotokoli, Mosi, Dagomba, kowa ya kafa inda aka nuna masa, babu injiniya babu taswira. Lokacin yaƙin duniya na biyu sansanonin soja da ke kusa suka jawo masu neman aiki, gida ya manne da gida, abin da ya rage a tsakani shi ne lungu. A shekarun 1970 aka rushe gidaje aka fitar da babban titi, wasu daga cikin waɗanda rusau ya shafa suka koma Madina, wata unguwa a gefen Akra. Yau gidan haya a Nima, tsakar gidansa ma an gine ta da ɗakuna. Shi ya sa layi ya zama tsakar gida. A nan ake kafa rumfar suna, a nan ake zaman makoki, a nan ake tuƙa tuwon biki, a nan ake shimfiɗa tabarmi ranar Juma'a in masallaci ya cika, a nan yaro ke koyon tafiya.

Kwaltar da muka roƙa

Shekara da shekaru kukanmu ɗaya ne, a gyara mana layi. Da damina laka, da hunturu ƙura. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a sai mun ja shi ya ga ramukan da idonsa. Ana gab da wani zaɓe aka zo aka gina gota hagu da dama, aka malala kwalta. Har walima muka yi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ramukan nan da muke tsine wa su ne masu gadinmu. A da, direban da ya kuskura ya shigo sau ɗaya ba ya ƙarawa. Da layi ya yi sumul sai ya koma hanyar yanke.

Babban titin Nima ba ya rabuwa da cunkoso. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwa, motocin albasa da hatsi da doya na sauke kaya a bakin titi, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, na tsayawa inda ta ga dama, mota sai ta yi rabin awa ba ta wuce shago uku ba. Wanda ya taso daga Mamobi ko Kotobabi yana son ya faɗa titin Kanda ya miƙe cikin gari, in ya samu lungun da zai fid da shi, me zai jira? Da farko 'yan tasi ne, waɗanda suka san unguwa suka san mu. Daga baya taswirar waya ta gano layin, ta shiga turo mana motocin hayar da ake kira ta waya da masu sammakon ofis, mutanen da ba su san akwai makarantar allo a kwana ba. Ka ga mutum gilashi a rufe, ido a kan waya, yana keta tsakar gidanmu.

Sai babura suka ƙaru. A 2022 sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas, mai ya yi ta hawa, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuɗin trotro ya ƙaru ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Samarin da sana'arsu ta tsaya suka karɓi babur na aiki-ka-biya suka shiga okada. Irinmu masu albashin da ba ya kai ƙarshen wata muka kakkaɓe tsofaffin kekuna. Layin da faɗinsa bai wuce mota biyu su gifta da kyar ba, ya zama mota, okada, aboboya mai ƙafa uku ta kwasar bola, keke, mai tura kura, mai talla da akuya duk a ciki suke.

Abin da ya fasa ƙurjin ya faru wata Laraba bayan la'asar. Akwai mai gyaran keke a tsakiyar layin, dattijo, yana da ƙananan kekuna da yake ba yara haya, ka ba shi 'yan silalla ka yi zagaye daga famfo zuwa masallaci. Wani yaro da bai wuce shekara 8 ba ya fito daga lungu a kan ɗaya, mota ta kwashe shi. Allah ya tsare rai, ƙafa ce ta karye. Direban bai gudu ba. Ya fito jiki na rawa, jama'a suka yi masa ca, sai da Baba Liman ya shiga tsakani ya rufe shi da babbar rigarsa. Direban ne ma ya kai yaron asibiti. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, wayarsa ce ta ce ya bi nan.

Daren siminti

A daren, samarin majalisun ataya biyu, waɗanda ko gaisuwar kirki ba sa yi saboda ƙwallo da siyasa, suka haɗa kai. Hujjarsu a bakin kowa take: titin Madina zuwa Adenta. An daɗe ana kashe mutane a wurin saboda gadojin tsallakawa da aka fara aka bari, har sai da mota ta kashe wata ɗalibar sakandare a Nuwamban 2018, mutane suka fito suka ƙona tayoyi suka tare hanya, sannan aka zo aka ƙarasa gadojin shida. Darasin da samarinmu suka ɗauka daga can shi ne, wanda ya tsaya rubuta takarda gawa zai ƙirga. Aka bi gida-gida da kwano. Ni ma na jefa sidi 20, kuma ban tambayi yadda za a yi aikin ba. Kafin kiran assalatu an kwantar da tudu uku na bulo da siminti a gicciye, kowanne kamar kabarin yaro.

Kwana biyu aka yi ana yaba musu. A na uku tankar ruwa ta zo, cikinta ya daki tudun farko, direba ya rantse ba zai ƙara shigowa ba, kuma a makon famfo ko ɗigo bai yi ba. Wani ɗan okada, ɗan layin, ya zo da dare bai ga tudun ba don ba fenti ba fitila, ya zubar da wata tsohuwa. Sannan ruwan sama ya sauka. Samarin sun ja simintin daga bakin gota zuwa bakin gota, ba su bar wa ruwa kafa ba. Layi kuwa gangare ne. Ruwa ya taru a bayan tudun tsakiya ya juya ya shige shagon wata Hajiya mai atamfa. Mutumin Akra, ko Ankara in ji tsofaffinmu, ba ya wasa da ruwa, don wanda ya ga ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah, bai manta ba. Motocin kuma ba su daina bi ba. Sai dai su taka burki a kan tudu, su ƙara wuta a tsakani don su fanshe.

Taron bayan isha'i

Baba Liman ya kira taro a ƙofar masallaci bayan isha'i. Aka cika, Onarabul ɗinmu, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, shi ma ya zo.

Wanda ya fara magana Alhaji ne mai babban shagon sari, wanda motar kaya ke sauke masa shinkafa da sukari da mai a ƙofa. "Baba Liman, ni ban ƙi a tsare yara ba, jikokina na cikinsu. Amma buhu ba ya tashi sama. In mota ba ta shigo ba, 'yan kaya ne za su ɗauko daga bakin titi. Kuɗin dakon a kan wa zai faɗa? A kan mai sayen olonka ɗaya, ɗan gwangwanin awo." Wasu suka yi tsaki, wai kansa yake karewa. Kansa yake karewa, gaskiya ne, amma lissafinsa ba ƙarya.

Shugaban 'yan okada ya durƙusa kafin ya yi magana. "Iyayenmu, ku kuka haife mu, ba daga wani gari muka zo ba. In naƙuda ko ciwo ya tashi ƙarfe 2 na dare, ƙofar wa kuke bugawa? Yau kuma mu ne 'yan iska?" Ya kawo maganar Kumasi, inda a 2023 hukumar birni ta hana 'yan pragya, masu babur mai ƙafa uku na fasinja, shiga tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia, har aka yi arangama. Abin da ya fi tsoro shi ne a fara da layi ɗaya, gobe kowane layi ya kwaikwaya, su rasa ta inda za su bi. Akwai kuma abin da bai faɗa ba kowa ya sani. Dokar hanya ta 2012 ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, kuma a lokacin da muke wannan taƙaddama haka take, duk da alƙawarin halatta sana'ar da John Mahama ya yi a yaƙin zaɓen 2020. Wanda doka ba ta san da sana'arsa ba, ba ya iya zuwa ofis ya ce a duba haƙƙinsa. A ƙofar masallaci kaɗai yake da baki, shi ya sa ya yi ta da zafi.

Onarabul ya yi bayanin doka. Wannan dokar ta 2012 ta ce kada a wuce gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, kusa da makaranta ko masallaci ko coci ko kasuwa ko asibiti kuwa kilomita 30. In aka bi haka, layinmu daga farko har ƙarshe wurin 30 ne. Amma ya ce titi na hukuma ne, ba wanda ke da ikon kwantar da tudu ko toshe hanya ba da izini ba, kuma in tudun ya kashe wani, waɗanda suka gina shi za a nema. Wani daga baya ya ce to in rumfar suna ce fa, wa ke neman izini? Aka yi dariya, aka wuce. Bai kamata a wuce ba. Duk wanda ke wurin ya taɓa rufe layin nan wuni guda don bikinsa ko rasuwarsa, har Alhaji, kuma ba a taɓa jin ya ce buhu ba ya tashi sama ba. Rufe layi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ba mu saba ba shi ne a rufe shi don yara.

Dare ya yi nisa, rai ya ɓaci, aka yanke cewa a fasa tudun, a kafa turakun ƙarfe a bakin layi ta sama, mota ta daina shiga kwata-kwata. Aka ɗaga hannu, masu so suka rinjaya. Na rubuta "jama'ar layi sun amince", na rufe littafi.

Da asuba na je sayen koko da ƙosai. Mma mai koko, wadda ta girmi mahaifiyata, ba ta karɓi kofina ba.

"Ticha, an ce jiya kun rufe layi."

Na ce, "Mma, shawara ce aka yanke."

"Da wa? Ku da kuke fita tun da duku-duku ku dawo bayan magariba, ku ne za ku faɗa mana yadda layi yake? Motar kwasar bahaya ta ina za ta shiga? Tanka fa? In mace ta fara naƙuda da rana, a ka za a ɗauke ta zuwa titi?"

Ban da amsa. Gidan wanka da bahaya na haya da rabin layin ke amfani da shi yana can sama, daidai inda muka ce a kafa turaku, kuma in mota ba ta zo ta zuƙe shi ba, mako biyu ya isa a gudu daga unguwar. Maza wajen hamsin sun zauna awa uku ba wanda ya tuna. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, mu kuwa mun yi wa rabin layi, ni kuma na sa hannu na kira su "jama'a". Haka 'yan haya. Yawancinsu sun yi shiru a taron, don ɗan haya ba ya ja da mai gida a bainar jama'a alhali yana jiran a sabunta masa ɗaki.

Da Magajiya, shugabar matan layi, ta tara mata, sai ga shi abin da ke damunsu ya wuce mota. Layin jiran ruwa a famfo a kan kwalta yake tsayawa, da jarkoki da yara. Gota a buɗe take, yaron da ya kauce wa babur a ciki yake faɗawa. Fitilar kan titi ta mutu tun bara. Kuma su ma ba baki ɗaya suke ba. Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta ce sam. Waakyen Nima ya yi suna, masu sayenta da yawa daga Kanda da ofisoshin cikin gari suke zuwa da mota, su tsaya a ƙofa a miƙa musu ta taga. Motar da ke tsorata uwar yaro ita ce ke ciyar da 'yan aikinta shida.

Faɗin makara

Taro na biyu ranar Lahadi aka yi shi, bayan la'asar, a bakin famfo, mata a benci maza a tabarma. Onarabul ya zo da wani injiniyan hanya. Kafin ranar na sa ɗalibaina biyu sun zauna a bakin layi mako guda suna yin zane a takarda, wannan ya tsaya a layin, wannan wucewa ya yi. Takardar ta nuna abin da kowa ke zato: mafi yawan motocin ba su da abin yi a cikinmu, kuma sun fi yawa daidai lokacin da yara ke tafiya boko da safe da lokacin da suke tasowa daga makarantar allo da yamma.

Injiniyan ya taka tudunmu da ƙafa ya girgiza kai. Ya ce tudun kirki ba tsayi ake ba shi ba, faɗi ake ba shi, ya tashi a hankali ya sauka a hankali, yadda mai tafiya sannu ba zai ji komai ba, mai gudu ne zai ji a ƙugunsa. A bar kafa a gefe biyu don ruwa, a yi masa fenti, a kafa alama kafin a iso shi. Game da toshewa ta dindindin kuwa ya ce ba zai ba da shawararta ba, saboda motar kashe gobara. A unguwar da ake girki da gas da gawayi a ƙofar ɗaki, wayoyin lantarki sun sarƙe kamar saƙar gizo, wannan magana ba ta buƙatar dogon bayani.

Daga nan aka koma kan sarƙa, wadda za a ɗaga a sauke. Sai aka zo kan tambayar da ta ci mana awa guda: wace irin kafa za a bari a gefe? Dole mai tafiya a ƙasa ya wuce, da mai keke, da mai keken guragu, da mai tura kura. Baba Liman ya miƙe ya ce a tuna da makara. Ya kira samari huɗu suka tsaya kamar sun ɗauko gawa, biyu gaba biyu baya, ya kwantar da sandarsa a ƙasa ya auna kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ce ƙasa da haka ba ya yarda. Wurin ya yi tsit. Injiniya ya sa tef ya rubuta. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya so ji: duk kafar da keke da makara za su wuce, babur ma zai wuce. Ƙarfe ba ya bambance su.

A nan wasu suka juya kan mai gyaran keke. Wai shi ne ummul haba'isi, da bai ba yaro keke ba da ba a buge shi ba, a hana hayar keke a huta. Wannan ita ce maganar da ta fi ɓata mini rai a duk rigimar, kuma na ajiye biro na faɗa. Yaro a ƙofar gidansu yake, mota ce baƙuwa. Ina ake so ya je? An yi filayen ƙwallo na roba a zangogi da dama tun bayan kafa asusun raya zango a 2017, abu ne mai kyau, amma filin ƙwallo na manyan samari ne, ɗan shekara 6 ba ya tsallaka babban titi ya je can. Da aka kulle Akra da Kumasi mako uku daga ƙarshen Maris na 2020 saboda korona, duk da yunwa da fargabar lokacin, mun ga yadda layin nan yake in babu mota, har 'yata ta koyi keke a makonnin.

Wani tsoho mutumin arewacin Ghana ya kama mini. Ya ce a Tamale an ware wa keke hanyarsa a gefen manyan tituna, mace da goyo tana tuƙawa zuwa kasuwa ba mai kallonta. Ya ce da keke ya yi aikin gadi shekara 30 a garin nan, da shi ya gina ɗaki. Maganarsa tana da tushe. Tun a shekarun 1990 masu bincike suka kwatanta Nima da Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku a Akra, suka tarar keke ya fi karɓuwa a nan, saboda mutanen arewa sun zo da shi, a can kuwa ana yi masa kallon abin hawan 'yan arewa. Abin takaici, yanzu mu ma mun ɗauki wannan kallon. Saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a kan keke, kuma wanda ya daure ya hau, da ya fito titin Kanda ko Ring Road ransa a hannunsa yake, tsakanin trotro da gota. Ni kaina ta lunguna nake bi zuwa makaranta. Ba wanda zai bar ɗansa ya hau keke a babban titi in bai fara koya a layin da ba a tsoro ba.

Maganar babur, tun da ƙarfe ya gaza, sai aka mayar da ita hannun mutane. Shugaban 'yan okada ya ɗauki alkawari cewa in sarƙa na sama, duk ɗan ƙungiyarsu zai ratsa layin da tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba, wanda ya saɓa su za su ci shi tara a tasharsu. A madadin haka aka daina maganar korarsu daga bakin layi.

Abin da aka tsayar, aka rubuta, Onarabul ya kai aka ba da izinin gwaji: a fasa tudu uku a yi biyu bisa ƙa'ida. A sa sarƙa a bakin sama kawai, ta kasance a ɗage daga 6:30 zuwa 8 na safe, da kuma daga 3 zuwa magariba, yadda mota za ta iya shigowa ta ƙasa ta sauke ta juya amma ba za ta ɓulle ba. Motocin Alhaji su zo kafin 6:30 ko da hantsi. Tanka, motar bahaya, mara lafiya da gobara, a buɗe musu ko yaushe. Makulli uku: ɗaya wurin ladan, ɗaya wurin mai shagon magani, ɗaya wurin Mma mai koko, don ita ce ba ta barin bakin layi.

Bayan an ɗaura sarƙa

Motocin yanke sun ragu cikin 'yan makonni, har a sa'o'in da sarƙa ke ƙasa, domin direba ba ya son hanyar da bai tabbata za ta fid da shi ba. Tun daga lokacin ba a sake buge yaro ba. Mai gyaran keke ya ƙaro kekuna, yanzu har 'yan mata na karɓa, ko da yake akwai gidajen da suka hana nasu. Layin jiran ruwa ya samu sarari. Wannan shi ne ɓangaren da ake nuna wa baƙi.

Hajiya mai waakye ta yi asara, kuma ba wanda ya biya ta. Cinikin safe shi ne cinikinta, shi kuma sarƙa ta tare. Ta jure wata biyu, ta sallami 'yan aiki biyu, daga baya ta kwashe teburinta ta koma bakin titi tana biyan kuɗin wuri. Har yau in na gaishe ta, amsawa take ba ta ɗago kai ba. A ganina layin na da bashinta a wuya: tun da don amfanin kowa aka tare mata hanya, da kuɗin kwanon da muka zuba a siminti ya fi dacewa a kama mata hayar wurin.

Alkawarin 'yan okada ya riƙe 'yan layi, bai riƙe baƙi ba. Babur ɗin da ya taso daga wata unguwa, ko mai kai saƙon abinci, ba ya cikin ƙungiya, ba wanda zai ci shi tara. Makulli kuma ya zama sarauta. Ladan ya ba ƙanensa ajiya, ƙanen ya fara buɗe wa wanda ya miƙa masa ɗan na goro, sai da aka karɓe. Wani mai gida ya yanko nasa a ɓoye. Kwaɗo uku muka canza a shekara guda. Na Mma ne kaɗai bai taɓa ɓata ba, a bakin zaninta yake ɗaure, kuma ta taɓa barin wani babban mutum a mota yana ta hon har sai da yaran allo suka gama wucewa.

Akwai abin da ba mu hango ba ko kaɗan. Da wuri ya yi shiru, sai masu motoci suka gane ya yi daɗin ajiya. Yanzu da dare layin cike yake, har da na mutanen da ba a nan suke kwana ba, wasu ba sa ɗagawa sai hantsi. Wata tsohuwar motar Alhaji da injinta ya buga ta yi wata biyar a daidai inda yara ke juya keke, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Wani ya ajiye kwantena a gefen famfo. Filin da aka ƙwato daga masu wucewa, masu zama suna cinye shi taku-taku, kuma faɗa wa maƙwabci ya ɗage motarsa ya fi tare baƙo wuya nesa ba kusa ba. Wasu masu gidaje kuma sun fara gaya wa masu neman ɗaki cewa layin lafiya ne ga yara, suna ƙara kuɗi, ana biyan shekara biyu gaba ɗaya kamar yadda aka saba, duk da dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da wata shida ba. Iyayen yaron da aka buge 'yan haya ne. Da wa'adinsu ya cika ba su iya sabuntawa ba, sun koma wajen Kasoa.

Motocin da muka kora kuwa ba sama suka tashi ba. Layin da ke bayanmu suka koma, wanda ya fi namu ƙunci, kuma akwai makarantar yara ƙanana a cikinsa. Makon jiya dattawansu uku suka zo bayan sallar asuba, suka zauna a bencin Mma. Na zaci faɗa suka zo yi, kuma da sun yi da ba su yi laifi ba. Babbansu ya sha kokonsa ya ajiye kofi, ya ce, "Ticha, a ara mana littafin nan naka mu gani, a kuma faɗa mana inda kuka sayi sarƙa." Na ce in su ma suka rufe, layi na uku za a tura wa, gara mu haɗu mu duka mu kai wa Onarabul maganar unguwar gaba ɗaya. Ya ce ya ji, amma shi jikokinsa gobe za su fita makaranta.

An sa taro ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar a bakin famfo, layi uku, maza da mata. Magajiya ta aiko a gaya mini in rubuta motar Alhaji a farkon ajanda.